Kwabo mai kuskuren bugu: abin da masana a Zariya suka ce

Kafin ka saka wa tsohon kwabo mai huji kuɗi, ka auna shi a sikelin masu sayar da gwal na kasuwar Sabon Gari, ka gwada da ɗan'uwansa da aka buga a shekara ɗaya da shi. Kuskuren gaske shi ne hujin da ya kauce daga tsakiya, ko rubutu mai bugu biyu, ko gefen da ya guntule tun a masana'anta. Na ƙarshen nan akwai alama: bakin da ke ɗaya gefen, mai fuskantar guntun, yakan fito a shafe. In ka ga sabon karce, zarto ne aka sa, ba shi da daraja.

An fi jaddada cewa kada a wanke shi da toka ko lemun tsami, farashinsa zai faɗi warwas. A duba ƙaramin harafin H ko KN da tabarau mai ƙara girma, domin shi ke nuna inda aka buga shi a Ingila.