Injin wanki: mai baho biyu ko otomatik, wanne zai jure mana a Kaduna?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina Unguwar Dosa, yara huɗu gare ni uku na makaranta, kun dai san yadda yunifom yake ga na boko ga na islamiyya ga zanen gado, kuma mai wankin da ke zuwa mana tun farkon damina ya tafi gida noma har yau shiru. Abban su ya ce in zaɓi injin wanki ya biya. Na leƙa shaguna a Ahmadu Bello Way na ga LG da Samsung da Hisense da Thermocool da Scanfrost, wanda duk na taɓa sai yaron shagon ya ce Hajiya ai wannan shi ne ƙarshe, har kaina ya ɗaure na dawo gida ban sayi komai ba. Sabo nake so ba na hannu ba. Ruwanmu na bohol ne da tanki a sama, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, muna da ɗan ƙaramin janareto. Wanne ne ba zai ba ni ciwon kai ba?

Ummu Sadiq Rigasa:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki sayi mai baho biyu ki huta wlh, wanda gefe ɗaya wanki gefe ɗaya matsewa. Nawa tun kafin in haifi autana yake kuma yanzu autan yana firamare, abin da aka taɓa canza masa bel ne kawai da taima. Amfaninsa shi ne ba ruwansa da famfo, ko mai ruwa ne ya kawo miki kura ki juye jarka a ciki ya yi aikinsa, in wuta ta ɗauke ki buɗe ki kwashe kayanki ki ƙarasa da hannu. Kuma ruwan kumfa ɗaya sai ki fara da farare ki bi da masu kala, omo baya tafiya a banza. Wahalarsa dai sai kin tsaya a kansa, ke za ki ɗauke kaya daga nan ki sa can ki zubar da ruwa ki sake tarawa. In kina da manyan yara ki ɗora su a kai, ai aikin Asabar ne.

Injiniya Fanteka:
Hajiya barka da warhaka, gyaran waɗannan injina shi ne sana'ata dan haka bari in ɗan yi tsawo. Kafin ki tambayi sunan kamfani ki fara duba tankinki. Otomatik da kansa yake jan ruwa, in ruwan ba ƙarfi zai zauna yana jira sai ya gaji ya nuna miki IE in LG ne, ko 4C in Samsung ne, ki ɗauka ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Tankin da ke mita 10 sama da bakin injin shi ke ba da kusan "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, su kuma masu ƙofa a gaba da yawansu suna neman aƙalla rabin haka, wasu ma fiye, yana rubuce a littafin da ke cikin kwalin. To gidajenmu da yawa tankin ɗan kan ƙarfe ne da bai wuce tsayin rufi ba. In haka naki yake sai an haɗa masa ƙaramin famfon ƙara ƙarfin ruwa, ki sa kuɗinsa a lissafi tun yanzu.

Sai wuta. Mai baho biyu motarsa, wato na'urar da ke juya kayan a ciki, wat ɗari uku zuwa biyar take ci, ƙaramin janareto zai ja shi in ba a haɗa da firji ba. Mai ƙofa a gaba yana da hita a ciki mai cin kusan wat 2000, da kin danna wankin ruwan zafi za ki ji janareton ya fara kuka. In ruwan sanyi ne ba matsala sosai. Amma abin da ya fi kawo mana otomatik shago ba mota ba ne, bod ne, wato ƙwaƙwalwar injin. Wuta ta zo da ƙarfi ko ta yi ƙasa sosai sai ya ƙone, kuma kuɗin bod na iya kai ki ga tunanin sayen wani injin. Nan ne mutane ke ruɗewa da garanti, za ki ga an liƙa shekara 10 ɓaro-ɓaro a gaban LG mai inbata, to wannan na motar ce kaɗai ba na injin gaba ɗaya ba. Ki tambaye su ƙarara bod ɗin garantin wata nawa ne, kuma ina ofishin gyaransu yake a nan Kaduna ko sai an aika Abuja. Su cika miki katin garanti da lambar injin, rasit kuma ki adana shi inda kike ajiye takardun yara. Stabilaiza dole ne, mai 5000 in mai hita kika ɗauka.

Shawarata in ba ki son tsayuwa a kai kuma ba ki son tsadar mai ƙofa a gaba, ki ɗauki otomatik mai buɗewa ta sama, kilo 8 zuwa 10 ya ishe ku. Yawancinsu ba hita, kayan gyaransu ana samu. Kilon nan kuma nauyin busassun kaya ake nufi, kar ki danna ki cika shi har baki.

Anty Malali:
Ni fa ban yarda a ce kowa sai baho biyu ba. Ina aiki, ƙarfe bakwai na bar gida, wa zai tsaya yana juye ruwa? Nawa mai ƙofa a gaba ne da sola nake amfani da shi, rana na takewa yarinyata ta danna ta koma harkarta. Ruwan da yake sha bai kai na sauran ba kuma yadda yake matse kaya ko a watan Agusta da ake kwana ana ruwa kafin la'asar yunifom ya bushe. Sai dai yana da lokaci, wanki ɗaya ya haura awa, kuma in wuta ta ɗauke da ruwa a ciki ƙofar ba ta buɗuwa sai dai ki jira. Omon sa ma daban ne, mara kumfa da yawa, in kika zuba na bokiti kumfa har tsakar ɗaki.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, ko wanne kika saya kar ki sa shaddar Abban su a ciki balle gezna, maiƙon zai tafi ta koma kamar tsohon yadi, wannan ki bar wa masu wanki da bugu. Leshi mai duwatsu ma haka. Hijabai kuma ki cire fil kafin ki jefa, shi ke toshe wajen fitar ruwa.

Baban Walid:
Hhhh Anty ta faɗi gaskiya a kan shadda, ni tun da aka kawo injin gidanmu na kwashe manyan kayana na kulle a wadrob. Maman Ilham ki sa a kira mai wayarin ya duba soket ɗin bayan gidan kafin a kawo, in ba wayar ƙasa jikin injin yana ja, ga ruwa ga yara ba takalmi. Kuma ɓeraye, ki tabbatar sun ba ki murfin ƙasan an ɗaura, suna shiga su ci waya.

Maman Ilham:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, gaskiya na ƙaru. Injiniya na sa Ilham ta duba, tankin namu da kaɗan ya wuce rufin kicin, gidan ba bene ba ne. Hankalina ya fi kwanciya da mai buɗewa ta saman nan dan bayana baya son yawan sunkuyo. Shi ma sai an sa masa famfon ne?

Injiniya Fanteka:
Shi ya fi haƙuri da ruwa mara ƙarfi Hajiya, zai dai daɗe kafin ya cika. Ki bari a kafa a gwada tukuna, in ya fara kukan ruwa sai a ƙara famfon daga baya. Ruwan bohol yana zuwa da yashi, akwai 'yar rariya a bakin tiyo ta bayan injin, duk wata ki kashe famfo ki kwance ki wanke ta da tsohon buroshin haƙori. Ranar da za a kawo kar direban ya tafi sai an buɗe kwalin a gabanki, an jona, ya ja ruwa ya juya ya matse kin gani da idonki sannan ki sa hannu a takardarsu.