Gem ɗin Gwaggo da gem ɗin yaro: a taya ni neman sunayensu da Hausa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda, Makka, Madina da Riyad. Kalmomi biyu nake nema, kuma da gaske nake.

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a falo bayan isha'i. Gwaggona, wadda ta haura shekara 60, tana kishingiɗe da jawwal, wato waya, a hannu, tabarau a kan hanci, tana jera alewa uku-uku a Candy Crush. Ɗana na fari, ɗan shekara 16, yana ɗaki ya toshe kunnuwa, suna ta ihu da Larabci shi da abokansa uku a PUBG, wasan harbe-harbe na intanet. Na aiki ƙanwarsa ta kira shi ya ɗauko buhun shinkafa daga mota, ta dawo ta ce wai a ba shi minti 20. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ta kife wayar a kan matashi, ta je ta buɗe, suka gaisa da maƙwabciya, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Sai ta dube ni ta ce, "Wai ba duk gem ba ne? Shi me ya sa nasa ba ya ajiyuwa?"

Na buɗe baki zan yi mata bayani, na rasa kalma. Turawa sun raba su: irin na Gwaggo kajuwal, irin na yaron hadko. Na Gwaggo Larabawan nan kan ce masa al'ab khafifa, wato wasanni marasa nauyi, ko su ɗauki kajuwal ɗin yadda yake. Mu kuwa komai gem ne, in a talabijin ake bugawa mu ce Soni.

Ga abin da ya sa na damu. Yaran da muka haifa a ƙasar nan, Hausar da yawansu ba ta wuce gaisuwa da aike ba. Duk abin da ya zo sabo bai sami suna a bakinmu ba, da Larabci za su yi hirarsa, kuma wasan nan shi ne rabin hirarsu.

Harkar ma ba ƙarama ba ce. Kowa ya ji amon gasar duniya ta wasannin kwamfuta da aka yi a Riyad a 2024, kyaututtuka sama da dala miliyan 60, Team Falcons ta nan gida ta zo ta ɗaya. Wannan ɓangaren ɗana ne, shi ke da fitilu da 'yan kallo. Amma a bi sawun kuɗi a gani. Kamfanin Savvy Games Group na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya sayi ESL da FACEIT, masu shirya gasar ƙwararru, a kan dala biliyan 1.5 a 2022. A 2023 ya sayi Scopely, mai wasannin waya irin su Monopoly Go da ɗan yatsa ɗaya ya isa a buga, a kan dala biliyan 4.9. Ninki uku har da ɗoriya. Candy Crush ɗin Gwaggo a 2012 ya fito, kuma a 2023 kamfanin King da ya ƙirƙire shi ya sanar ya tara sama da dala biliyan 20 da shi. Wato su Gwaggo da ba sa ko kiran kansu 'yan wasa, su ne kasuwar. To me za mu kira su biyun?

Wani matashi daga Riyad ya amsa:

Kawu, ai abin a fili yake. Ɗaya wasan yara da mata ne, ɗaya wasan gaske. Mu da muke kwana muna koyon taswira da makamai ba za a haɗa mu da mai jera alewa ba.

Wata malama daga Makka ta amsa masa:

Ƙanena, ban yarda ba. Ni malamar makaranta ce, na wuce mataki 3,000 a wasan alewar nan, akwai matakin da ya riƙe ni mako guda. A motar da ke kai mu aiki direban ma in ya tsaya jiran wata, ludo yake bugawa a waya, gemunsa fari fat. Sunan da zai raina rabin mutane ba zai zauna ba, don waɗanda aka raina ba za su faɗe shi ba. Yaya, ni shawarata a bi Larabcin kawai, a ce wasa mara nauyi da wasa mai nauyi.

Na amsa:

Malama, kin yi gaskiya a kan raini, kuma ɗana na Riyad, ka yi haƙuri, mun ajiye naka. Amma mara nauyi ma ina da ja a kansa. Da Hausa in aka ce abu mara nauyi, sauƙi ake ji, ke da kanki kuma kin ce mataki ɗaya ya riƙe ki mako guda. Duk wanda ya riƙe Nokia a ƙarshen shekarun 1990 ya tuna macijin nan da ke cin ƙwaya yana tsawo. Koyonsa minti ɗaya ne, amma in ya cika allo sai gumi ya keto maka. Tetris ma haka yake tun shekarun 1980. Shigarsu ce mai sauƙi, ƙarshensu ba sauƙi.

Wani dattijo daga Madina ya rubuto:

Ɗana, Hausa ba ta rasa ba. Na farkon ɗebe-kewa ne. Mai na biyun kuwa maye ne, kamar yadda ake cewa mayen ƙwallo ko mayen shayi. In ba ka son wannan ka ce ɗan ga-ni-kashe-ni, ko ɗan a-mutu.

Na amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗebe-kewa ya yi min daɗi a kunne, na kwana ina juya shi. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne yaron nan ma kewa yake ɗebewa, abokansa na can wata unguwa, a cikin wasan suke haɗuwa. Maye kuma yawan yi yake nunawa. In yawan yi ne, Gwaggo ta fi shi. Wasan nata rai biyar yake ba ta, in sun ƙare kowane ɗaya sai bayan minti 30 yake dawowa, kuma na sha ganinta tana duba agogo tana jira. Shi kuwa ranakun makaranta ba ya taɓawa sai Alhamis da dare.

A nan na gane ba tsawon lokaci ya raba su ba, ba wahala ba, ba shekarun mai bugawa ba. Tambayar Gwaggo ita ce amsar: wanne ne ke ajiyuwa? Mu da muke ƙasar da ladanai ke kewaye da mu ta ko'ina, muna da ma'aunin da ya fi na kowa. A ta da iƙama. Mai jera alewa ya kife waya ya bi sahu, ya dawo bai rasa komai ba. Mai PUBG yana cikin mutum 100 a tsibiri ɗaya, da'ira tana matsewa, zagaye ɗaya kan kai kusan rabin awa, abokansa uku sun dogara da shi. In ya tashi ya zubar da su, wasu wasannin ma hukunta mai fita a tsakiya suke yi. Wasa ne da yake cewa zauna nan sai na sallame ka.

Don haka ga abin da na kawo. Na farko: wasan taɓa-ka-ajiye. Ba baƙon gini ba ne, haka Hausa ke raɗa suna tun da can, ta faɗi abin da abu yake yi. Tangaran faɗi-ka-mutu, wayar hannu tafi-da-gidanka, babur mai ƙafa uku a Kano a-daidaita-sahu. Na biyu: wasan zaman-dirshan, mai yinsa kuma ɗan dirshan.

Malamar Makka ta dawo:

Yaya, dirshan ya zauna daram. Kuma na fi son sa a kan ɗan a-mutu, don babu uwar da za ta dubi ɗanta ta haɗa shi da wannan kalma, baki abin tsoro ne. Amma ina za ka sa balot? Maigidana yana bugawa a waya da mutum uku, karta 32 ce kawai, babu bindiga babu taswira, amma ba ya tashi sai wani ɓangare ya kai maki 152, don abokin zamansa ba zai yafe masa ba.

Na amsa:

Malama, wannan tambayar ta ƙara min ƙarfin gwiwa. Balot ko a waya ko a kan darduma a istiraha, wato gidan shaƙatawa, zaman dirshan ne, kamar yadda dara take a gindin bishiya a gida, inda dattawa kan zauna daga la'asar har magariba ba mai motsi. Kin ga kalmar ba ta duba na'ura ko kyan hoto, abin da wasan ke nema daga mutum take dubawa. Wanda ya faɗa tsakani, irin ludon intanet da zagayensa gajere ne amma da mutane ake yi, ba sai mun wahala ba, tsaka-tsaki yana nan.

Matashin Riyad ya sake magana:

Kawu, na karɓi ɗan dirshan, ba raini a ciki. Amma su Musa'id Al-Dausari da ya ci kofin duniya na gem ɗin ƙwallo na FIFA a Landan a 2018 fa? Shi ma ɗan dirshan za a ce?

Na amsa:

Ɗana, shi ya wuce nan. Wanda Larabawa ke kira muhtarif, wasan ya zama sana'arsa, Hausa ta riga ta ba shi suna: ƙwararre, ko gwani. Kowane gwani daga dirshan ya fara, amma mafi yawan 'yan dirshan ba za su ci riyal ɗaya da shi ba, kuma gara yaranmu su san kalmomin biyu daban suke.

Dattijon Madina ya rufe da gyara ɗaya:

Ɗana, na sallama, amma taɓa-ka-ajiye ya yi wa baki tsawo. Mu nan aje muke cewa. Ka ce taɓa-ka-aje, ya bi sawun taɓa-ka-lashe, harshe ba zai yi tuntuɓe ba. Kuma kada wani ya ce wa mace taɓa-ki-aje, suna ne, ba ya canzawa.

Baba, na karɓa hannu biyu. Wasan taɓa-ka-aje, jam'insa wasannin taɓa-ka-aje. Wasan zaman-dirshan, a taƙaice wasan dirshan, ɗan dirshan, 'yar dirshan, 'yan dirshan.

Jiya na gwada su a gida ban yi wa kowa bayani ba. Ana kusa da kiran magariba yaron ya ɗauko abin bugawa, na ce masa, "Kada ka shiga na dirshan yanzu, saura minti goma, in ka matsu yi taɓa-ka-aje." Ya tsaya ya dube ni, ya maimaita kalmar a hankali, ya tambaye ni mece ce dirshan. Gwaggo ce ta ba shi amsa, ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu ta nuna masa. Ya mayar da abin bugawar kan tebur, ya tafi alwala.