Mataki na 3 a sanarwar zaftarewar dusar ƙanƙara, za a iya fita?

Mai_Zamiya: Salam jama'a. Abokaina sun matsa mu haura dutse ranar Asabar mu yi zamiyar ski a wajen hanyoyin da aka gyara, wai dusar ƙanƙara sabuwa ta sauka jiya mai laushi. Na duba sanarwa an sa mataki na 3 cikin 5. To ni a ganina 3 ai tsakiya ne ko? Masu ilimin abin ku taimaka dan Allah.

Dattijo_Tudu: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar wannan 3 ɗin ta rufe maka ido wlh, a mataki na 3 aka fi mutuwa, saboda a 4 da 5 kowa na zaune a gida, a 3 kuwa sama ta yi kyau mutane sun fito alhali ƙasan bai zauna ba. Dusar nan hawa-hawa take kamar shimfiɗa, in akwai wani hawa mai rauni a ƙasa sai na sama ya tsage ya zame gaba ɗaya, kuma yawanci wanda ta binne shi ne ya tayar da ita ko wani a ƙungiyarsa. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan saukar dusar su ne mafi haɗari, balle in iska ta kwashe ta ta tara a gefe ɗaya na dutsen. Karanta sanarwar har ƙasa, tana faɗin wane gefe da wane tsayi ne matsalar.

Hajiya_Alps: Ƙari a kan maganar Malam, ka kula da gangaren. Tsakanin digiri 30 zuwa 45 nan take zaftarewa, ƙasa da 30 da wuya sosai, amma fa in akwai gangare mai tsauri a samanka ba ka tsira ba. In kuka ji dusar ta yi "wuff" ta nutse a ƙarƙashinku ko kuka ga tsaga tana gudu daga ƙafarku, ku juya kawai.

Mai_Zamiya: Na'urar nema dai, wadda ke aika sigina a gano wanda dusar ta binne, muna da ita mutum biyu, mu huɗu ne.

Dattijo_Tudu: A'a, hakan ba zai yiwu ba. Kowa sai da tasa na'urar a jikinsa, da sandar lalube da shebur. Binciken Suwizalan ya nuna wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan rabin awa kuma lissafin ya faɗi warwas, helikofta ba zai iso a wannan lokacin ba, ku ne za ku tono junanku. Ku gwada neman na'urar a fili kafin Asabar, kuma waya ta yi nesa da ita don tana kawo mata cikas. Gangare mai tsauri a sauka ɗaya bayan ɗaya.