Neman shawara: mutanen gidan haya sun danne soyayyar littafina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙe alƙalami, da masu yawan karatu. Littafin soyayya nake rubutawa, irin wanda jarumar take samun dangi cikin mutanen da ba su haɗa jini ba. Ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta sun rasu, dangin uba sun juya mata baya. Ta kama ɗaki a gidan haya inda akwai tsohuwa mai gidan, da bazawara mai yara biyu, da wani ɗalibi mai gyaran waya, sannu a hankali suka zama nata. Saurayinta direban motar asibitinsu ne.

Damuwata biyu ce. Duk babin da na rubuta a kan gidan sai ya fito da rai, na masoyan kuwa lami, har wadda ta duba min ta ce ta manta sunan saurayin. Ta kuma ce labarin kamar yana koyar da yanke zumunci. In rage mutanen gidan ne? Raina bai so, don su na fi ƙauna.

Wata anti, tsohuwar marubuciya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki taɓa mutanen gidan nan, su ne arzikin littafin. Amma ki san abin da mai karatu ya zo nema. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, sharaɗi biyu ta gindaya wa irin wannan littafi: soyayyar ta zama ƙashin bayan labari, ƙarshen kuma ya faranta rai. Ke yanzu labari biyu kike rubutawa, kowanne na tafiyarsa. Ki ɗaure su da igiya ɗaya. A ce direban ya samu aiki a wani gari mai nisa, yana so su tafi tare. Yarinyar da ta taɓa rasa gida, da ƙyar ta samu wani, yanzu soyayya na neman raba ta da shi. Kin ga daga nan duk hirar tsakar gida ta shafi saurayin ko ba ya wurin, domin kowace dariya da aka yi ƙarin abin da za ta bari ne. Sannan ki shigo da shi gidan. Tsohuwar ta yi masa tambayoyin ƙwaƙwaf, yaran bazawarar su ƙi sakewa da shi tukuna. Yadda zai bi da su zai nuna halinsa fiye da shafi goma na kalaman soyayya.

Wata mai karatu:
Ni ba na rubutu, karatu ne nawa. Abin da ke sa in ajiye irin littafin nan shi ne tun a babi na uku wani ya buɗe baki ya ce "ai mun zama dangi". Ba na so a gaya min, a nuna min. Sunan wa ta rubuta a takardar wurin aiki, inda ake tambayar wanda za a kira idan wani abu ya same ta? Wa ke barin fitila a kunne ranar da take aikin dare? Kuma su yi faɗa, 'yar'uwa, faɗa na gaske, kan bashi ko kan maganar da ta fita, su kwana ba sa gaisawa. Mutanen da ba su taɓa saɓawa ba har yanzu baƙin juna ne. Na ji daɗi da ba dangin saurayin kika ba ta ba. Yawancin littattafan nan suna raba masoyan gab da ƙarshe, to idan duk masu ƙaunarta nasa ne, ranar rabuwar ta sake zama marainiya.

Wani malami:
Kan batun zumunci, 'yata, ki kwantar da hankalinki. Bayan hijira zuwa Madina a 622, Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, mutanen da ba su haɗa jini ba, har suka riƙa gadon juna kafin a mayar da gado ga dangi na jini. Wannan zumuncin bai rushe wancan ba. Hausawa ma da suka ce naka sai naka, sun ƙara da cewa daɗin zama sai bare. Shawarata kawai, kada ki mayar da dangin uban nan duka azzalumai. Ki bar mutum ɗaya, ko gwaggo ce da tsoro ya sa ta yi shiru, wadda ƙofarta ba ta rufe ba.

Mai karatun ta dawo:
Allah gafarta malam, na yarda da gwaggon, amma don Allah kada a tilasta sulhu a shafin ƙarshe. Cikin masu karanta irin wannan labari akwai waɗanda aka wulaƙanta da gaske. Idan kowa ya zo yana kuka yana neman gafara rana ɗaya, za su ji an raina abin da ya same su. Gaisuwa ta waya ma ta isa a nuna ba a yanke ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, bazawarar fa? Na ba ta nata labarin soyayya a gefe, ya ci babi huɗu.

Anti:
Shi za ki cire, ki adana. Kamfanoni irin su Mills & Boon, da aka kafa a Ingila a 1908, da Harlequin na Kanada, na 1949, sun daɗe suna fitar da jerin littattafai inda kowane littafi ke ɗaukar mutum ɗaya daga cikin mutanen labarin. A wannan ki bar mu mu ga ta soma kallon wani sau ɗaya ko biyu, ya isa. Littafi na biyu nata ne, jarumarki ta yanzu kuma ta dawo a matsayin mai ba ta shawara. Ki turo min babin da direban ya fara sallama a gidan idan kin sake rubuta shi, zan duba miki.