Me za mu kira "nullification" da Hausa?

1/ Jama'a, ina shirya darasi kan tarihin tsarin mulkin Amurka, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "nullification". Wato jiha ta ce wata dokar tarayya ba ta aiki a cikin iyakarta. Bari in fara da asalinta.

2/ A 1798, zamanin Shugaba John Adams, majalisar tarayya ta yi dokar hukunta masu rubutun ɓatanci ga gwamnati. Har ɗan majalisa, Matthew Lyon na jihar Bamont, ya sha ɗaurin wata huɗu da tarar dala dubu. Thomas Jefferson, wanda shi ne mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya rubuta wa majalisar jihar Kentaki ƙuduri a asirce. Hujjarsa: jihohi ne suka haɗu suka kafa tarayya, suka yanka mata iyakar ikonta, in ta wuce gona da iri dokarta ba doka ba ce. Abokin siyasarsa James Madison ya rubuta wa jihar Bajiniya makamancinsa. Sauran jihohi ba su bi su ba.

3/ Na fara da "sokewa". Ba ta zauna ba. Wanda ya yi doka shi ke soke ta, ko kotu, kuma in an soke ta mutu a ko'ina. Nan kuwa dokar tana nan da ranta a sauran jihohi.

4/ Wani ya ce "bijirewa". Wannan ai kalmar abokin gaba ce. Mai bijirewa ya san akwai doka, ya ƙi bi. Su Jefferson kuwa cewa suke babu abin da za a bi.

5/ Da na kai wa malamina maganar, dariya ya yi, ya ce: "Ɗana, ka san bambancin saki da auren da bai ɗauru ba?" Nan na gane. Sokewa saki ne. Su Jefferson cewa suke tun farko auren bai ɗauru ba.

6/ Don haka na tsaya kan "korewa". Masu nahawu da masu tauhidi sun riga sun saba da ita: korewa da tabbatarwa. Ga kuma kora a cikinta, jiha ta fitar da doka daga iyakarta. Aibinta ɗaya, mai sauraron rediyo zai iya zaton korar mutum ake nufi, sai a riƙa haɗa ta da "doka".

7/ Mu gwada ta. A Nuwamban 1832 taron wakilan jihar Karolina ta Kudu ya kore dokokin harajin shigo da kaya na 1828 da 1832, bisa koyarwar John Calhoun, babban ɗan siyasar jihar. Shugaba Andrew Jackson ya ce bai san zancen ba, majalisa ta ba shi izinin amfani da soja. Sanata Henry Clay ya sasanta, aka rage harajin a 1833. Karolina ta janye korewarta, amma kafin taron ya watse sai da ta kore dokar sojan ita ma.

A kunnena dai jimlar ta zauna. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku yaya kuka ji ta?