Wace siffa ce a harshen rubuta manhaja ta taɓa ɓata muku aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwana biyu na yi ina farautar kuskure a wata manhajar lissafi da na rubuta da JavaScript. Mai amfani ya shigar da 5, na ƙara masa 1, sai allo ya nuna 51, domin abin da ke fitowa daga akwatin shigarwa rubutu ne, alamar + kuma ta manne su wuri guda. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da na yi ragi sai ya ba ni 4 daidai. Ina so in ji abin da ya taɓa samunku irin wannan.

Malama mai koyar da Python: Wa alaikumus salam. Nawa ya fi naka ɓoyuwa. Na taɓa sanya jeri marar komai a matsayin ƙimar farko ta wani aiki (function, guntun manhaja da ake kira idan an buƙace shi), ina zaton duk kira zai samu sabon jeri, ashe Python sau ɗaya yake ƙirƙirarsa, lokacin da aka ayyana aikin. Haka sunayen ɗaliban aji ɗaya suka riƙa kwarara cikin na wani aji, kuma harshen bai yi ko tari ba. Tun daga ranar nake sanya None, wato "babu komai", a maimakon jerin.

Tsohon hannu a C: Malama, ni mantuwar break (umarnin tsayawa) ce a cikin switch (tsarin zaɓen umarni gwargwadon yanayi) ta sa na'urar da muke gwadawa ta aiwatar da umarni biyu a jere. Amma ba zan ce wannan siffa ta zarcewa zuwa umarni na gaba ba ta da amfani ba, domin tana taimakawa wajen haɗa yanayi da yawa a ƙarƙashin umarni ɗaya. Laifinta shi ne zama tsarin asali. Harshen Go ya juya abin: ba ya zarcewa sai ka rubuta fallthrough da hannunka.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ni null, wato alamar cewa babu ƙima a wurin, shi ne ya fi wahalar da ni a Java. Tony Hoare, wanda ya shigar da shi cikin ALGOL W a 1965, da bakinsa ya nemi afuwa a 2009. Da na koma Kotlin, sai na ga ba ya barin in taɓa abin da zai iya zama null kafin in bincika.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na gyara tawa da Number(), mai mayar da rubutu lamba, kuma daren jiya na bi fayilolina ɗaya bayan ɗaya ina mayar da kowace alamar kwatantawa ta == zuwa ===, wadda ba ta ɗaukar rubutu da lamba a matsayin abu ɗaya.