Kundin Queen na ƙarshe: da wanne zan fara?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na ji ana ta yabon Made in Heaven, wai shi ne kundin Queen, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, na ƙarshe da muryar jagoran waƙarsu Freddie Mercury. In fara da shi?

Yaya Babba: Wa'alaikumus salam. A'a ƙanena, fara da Innuendo na 1991. Shi ne na ƙarshe da ya fito Freddie na raye, lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ka ji yadda ya ɗaga murya a "The Show Must Go On" tukuna.

Mai Jita: Gaskiyar Yaya. Amma ka san yadda aka yi Made in Heaven kafin ka kunna. A Montreux ta ƙasar Suwizalan suka ɗauki sauran muryarsa, a situdiyon Mountain. Ya ce wa abokansa su yi ta rubuto masa waƙa, zai rera iya ƙarfinsa, su ƙarasa daga baya. A watan Mayun 1991 ya rera "Mother Love", ya gaji, ya bar baitin ƙarshe sai ya dawo. Bai dawo ba. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, Brian May, mai jitar ƙungiyar, ne ya rera baitin. Sai 1995 kundin ya fito.

Anti Zinder: Wannan wajen ne ya kama ni. Da dare na saurara, abin ji a kunne, wuta ta ɗauke. Da muryar ta sauya sai da na tsayar da waƙar, na yi shiru. Ɗana, kar ka ji ta cikin hayaniya.

Malamin Kiɗa: Ni dai ina da ja kaɗan. Ba duka waƙoƙin kundin ne sababbi ba. "I Was Born to Love You" daga kundin Freddie na shi kaɗai na 1985 aka ɗauko ta, aka sake mata kiɗa. Shi ya sa wasu masu sharhi suka ce faci ne.

Mai Jita: Faci ne Malam, amma na masu iya ɗinki. Kuma ya hau na ɗaya a Birtaniya.

Malamin Kiɗa: Ban musa ba. In zaɓi ɗaya, "A Winter's Tale" zan ba shi, wadda ya rubuta yana kallon tafkin Janeba.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai. Innuendo yau, gobe da dare Made in Heaven. Anti, zan nemi abin kunnen.